Shin Ya Dace Magidanci Ya Sayi Mota Mai Ɗaki Domin Tafiye-tafiyen Iyali?

Mas'alar da za mu duba a wannan mako wani aminina ne ya kawo mini ita har gida a nan Gagarawa, bayan sallar La'asar. Shi manomi ne kuma ɗan kasuwa, Allah Ya sa masa albarka a cinikin riɗi. Ya nuna mini hoton wata mota a wayarsa, irin wadda mutanen Amurka da na Turai ke tafiya hutu da ita, wato gida sukutum a kan taya, da gadaje da madafa da makewayi da tankin ruwa. Ya ce, "Malam, iyalina suna da yawa, duk sallah sai mun sha wahala a tasha kafin mu kai ziyara Gumel ko Kano. Ina so in sa a kawo mini irin wannan. Me shari'a ta ce?"

Na ce masa, "Alhaji, in halacci kake tambaya, amsar gajeriya ce. In kuwa dacewa kake tambaya, to, gyara zama."

Mallakar abin hawa mai kyau halal ne, babu saɓani. A aya ta 8 ta Suratun Nahli Allah Ya ambaci dawaki da alfadarai da jakuna cikin ni'imominSa, Ya kuma ambaci ado tare da hawa. Akwai hadisin da Ibnu Hibban ya ruwaito wanda ya lissafa abin hawa mai daɗi cikin abubuwa huɗu na jin daɗin duniya, tare da mace ta gari da gida yalwatacce da maƙwabci na gari. Daɗin daɗawa, hujjar aminin nan nawa ba abar rainawa ba ce. Duk wanda ya taɓa ganin mata da ƙananan yara a cushe cikin motar haya ranar Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, lokacin salla yana wucewa direba bai tsaya ba, ya san cewa mai neman hutar da iyalinsa alheri yake nema. Abin da mutum ya kashe wa iyalinsa domin Allah sadaka ne.

Amma fa halacci shi ne ƙofar farko kawai. Malaman usulu, irin su Imamu Shaɗibi na Andalus wanda ya rasu a shekara ta 790 bayan Hijira, sun kasa bukatun ɗan Adam gida uku. Akwai larura, wadda rayuwa ba ta tsayuwa sai da ita. Akwai bukata, wadda rashinta ke jawo ƙunci. Akwai kuma ƙawa, wadda ke ƙara wa rayuwa armashi. Ka'ida ita ce ba a gabatar da ta ƙasa a kan ta sama. Abu ɗaya kuwa yakan zama larura ga wani, ƙawa ga wani. Bafulatanin da ke ɗora ɗakinsa a kan takarkari yana bin makiyaya, gida mai tafiya larura ne a gare shi. Magidancin da ke da gidansa a kafe, yana fita sau uku ko huɗu a shekara, ƙawa ne a gare shi.

Saboda haka na roƙi aminina ya auna abin da ma'auni huɗu.

Na farko, haƙƙoƙi. Riɗi yana cikin amfanin gonar da malaman Malikiyya suka ce ana fitar wa zakka, ɗaya cikin goma idan ruwan sama ya shayar da shi kuma ya kai nisabi. An fitar? Akwai bashin wani a kanka? Abincin shekara ya cika rumbu? Kuɗin karatun yara da na magani fa? A lura kuma, motar hawa ba a fitar mata zakka, amma kuɗin da ya kai nisabi ya shekara ana fitar masa biyu da rabi cikin ɗari. Wanda ya juyar da dukiya ta koma ƙarfe domin ya kauce wa haƙƙin talaka, Allah Ya san abin da ke zuciyarsa. Idan kuwa sai an ci bashi mai ruwa za a saya, an rufe magana.

Na biyu, lissafi. Kwana nawa za a yi amfani da ita? A haɗa Ƙaramar Sallah da Babba da biki ɗaya ko biyu, da ƙyar su kai kwana 20 cikin shekara. Sauran kwanakin tana tsaye a rana, tayu suna tsagewa, batir yana mutuwa. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki, a shekarar 2024 kuwa ta haura naira 1,000 a wurare da dama. Babbar mota babban ciki gare ta. Ƙasarmu ta rairayi ce, mota mai nauyi ba ta sonta. In wani ƙarfe ya lalace, sai an je Kofar Ruwa a Kano, a can ma sai an yi sa'a. A ƙasashen da aka ƙera ta an tanadi zangon da za a tsaya a jona wuta da ruwa. A nan wa ya tanada? Ɗaukar shatar bas ta kwana uku, ko sau huɗu a shekara, ba za ta kama ƙafar wannan ɗawainiya ba. Aya ta 67 ta Suratul Furƙan ta yabi bayin Allah da cewa ciyarwarsu tana tsakanin almubazzaranci da ƙwauro.

Na uku, niyya. Mutum ya tambayi kansa tsakaninsa da Allah: da a ce babu wanda zai ga motar nan, zan saye ta? In amsar "a'a" ce, to, idon mutane za a saya wa, su kuwa ba su ƙoshi.

Na huɗu, wanda ya fi damuna, shi ne zumunci. Bature yana sayen wannan mota domin ya nisanci mutane, ya kwana a bakin tafki shi da iyalinsa. Mu kuwa tafiyarmu ta zuwa wurin mutane ce. Ka isa gidan yayarka a Sule Tankarkar, ta share ɗaki, ta yanka kaza, sai ka ce ai kun zo da ɗakinku da tukunyarku? Wannan cin fuska ne. Yara suna sanin 'yan'uwansu ne a kan tabarma ɗaya da akushi ɗaya. Motar da za ta raba su da wannan ta ɓata abin da aka fita nema.

Ra'ayina shi ne, wanda ya sauke haƙƙoƙin da ke kansa, yana da yalwa, kuma harkarsa ta yawan tafiya ce inda babu masauki, ya saya, babu mai zarginsa, mu ma kada mu yi masa hassada. Amma ga mai hali irin na aminina, shatar mota ko sayen matsakaiciyar bas wadda za ta kai kaya kasuwa, ta kai maƙwabciya mai naƙuda asibiti da dare, ita ta fi kusa da dacewa. Na ce masa ya yi shawara da iyalinsa, tun da domin su ne, sa'an nan ya yi istihara. Ya yi shiru, can ya ce, "Malam, wallahi ban tambaye su ba."

Allah Ya azurta mu da halal, Ya ba mu basirar kashe ta inda ya dace. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalam.