AMANAR ƘASA: KOGI, FADAMA DA ITATUWA

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku samarin Musulmi, ku sani ƙasar da aka haife ku a kanta amana ce, kuma za a tambaye ku a kanta.

Ku dubi Kogin Haɗeja da Kogin Jama'are. Suna haɗuwa su malala cikin fadamun Haɗeja da Nguru, su wuce Gashuwa da sunan Komadugu Yobe har Tafkin Chadi. Tun kaka da kakanni Badawa da Mangawa da Hausawa da Fulani a kan wannan ruwa suka rayu. In ambaliya ta zo, masunta su kama kifi, manoma su samu shinkafa. In ruwa ya ja da baya, makiyaya su shigo da shanu. Kowa da lokacinsa.

A 1974 aka gama madatsar Tiga, a 1992 ta Challawa. Birni ya samu ruwan sha, an yi noman rani, amma ambaliyar da ke raya fadama ta ragu, kachala ta toshe hanyoyin ruwa. To, wa ya tambayi mutanen ƙasa-ƙasa? Alhali Abu Dawuda ya ruwaito hadisin da ke nuna ruwa da ciyawa da wuta haƙƙin tarayya ne. Wanda ya tare burtali ko ya nome mashaya, ya ci haƙƙin jama'a, ko da ba ya fashin sahun farko.

Sai itatuwa. Gawo yana kaɗe ganye da damina, ba ya tare wa gero rana, ganyensa taki ne, 'ya'yansa abincin dabbobi da rani. Kuka ta ba mu miya, ɗorawa ta ba mu daddawa. Ga aduwa, ga magarya, ga goriba da ake saƙa tabarma da kabarta. Dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984 sun san ranar waɗannan itatuwa. Yau saurayi zai kwantar da kirya mai shekaru aru-aru saboda buhunan gawayi.

Wasu kuwa sun bar tsamiya ko kuka wai don tsoron iskoki, har suna yi musu yanka. Wannan shirka ce, a tuba a bari. Amma gyaran aƙida ba da gatari ake farawa ba. Mu muna barin itace ne don neman lada. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas cewa abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga shukar Musulmi sadaka ne gare shi. A cikin Muwaɗɗa, Sayyidina Abubakar ya hana rundunarsa sare itace mai 'ya'ya, a fagen yaƙi ma ke nan!

Kuma gyara yana yiwuwa. Daga shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka riƙa barin tohon kututture a gona, suna sassabe shi har ya zama itace. Gonaki kimanin hekta miliyan 5 suka farfaɗo.

Saboda haka, in kun je sharar gona, ku bar toho. Kada ku sa wa daji wuta don farautar gafiya. Ku tambayi tsofaffi sunayen itatuwa da iyakokin burtali tun suna raye.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya shayar da mu ruwa mai albarka. Amin.