Tausayi Yana Bukatar Ido

A ƙasar Amurka akwai wani ɗan tsuntsu wanda Turawa su ke kira hamingbad, sabo da ƙugin da fukafukansa su ke yi. Ya yi kama da sha-kauci na ƙasarmu, gama shi ma ruwan fure ya ke sha da dogon baki, amma ba danginsa ba ne. Nauyinsa giram 3 ne ko 4, watau kamar sukarin da ya cika ƙaramin cokalin shayi. Mutanen can su kan rataye masa kwalba da ruwan sukari a lambun bayan gida, sukari kashi 1, ruwa kashi 4.

Irin da aka saba gani a gabashin ƙasar mai jan maƙogwaro ne. Da kaka ya kan tafi Meziko da ƙasashen da ke kudu da ita, waɗansu ma su kan ƙetare teku wajen mil 500 ba hutawa. Amma wani lokaci, a tsakiyar hunturu, sai mai gida ya ga ɗaya a lambunsa. Me ya kamata ya yi da wannan baƙo?

Dā mutane da yawa su kan ce, "Wayyo, ya ɓata, sanyi zai kashe shi." Waɗansu su kan sauke kwalba tun da kaka, wai kada zaƙi ya hana shi tafiya. Waɗansu kuwa su kan kama shi su sa shi a ɗaki mai ɗumi. Dukansu tausayi ne ya motsa su. Abin da ya rage musu shi ne dubawa da kyau.

A shekara ta 1979 wata mace mai suna Nancy Newfield ta fara sa wa waɗannan baƙin hunturu ɗan zobe mai lamba a ƙafa, a jihar Luwiziyana. Waɗansu kuma suka bi sawunta. Sai aka ga yawancinsu ba mai jan maƙogwaro ba ne. Wani iri ne mai launin jan ƙasa, wanda ya ke sheƙa can arewa maso yamma har Alaska, ya kuwa saba da sanyi. Aka ga kuma waɗansu suna komowa gida ɗaya shekara bayan shekara. Wata da aka sa wa zobe a Fulorida a watan Janairu 2010, an sāke kama ta a Alaska a watan Yuni, nisan fiye da mil 3,500. Ashe wanda a ke cewa ɓatacce ya san hanyarsa sarai.

An gane kuma kwalba ba ta hana tsuntsu tafiya, gama raguwar tsawon yini ce ta ke tā da shi. Da dare mai sanyi ya kan sanƙare a reshe, jikinsa ya huce, zuciyarsa ta rage bugawa ƙwarai, domin kada abincin da ke cikinsa ya ƙare. Mai ganinsa zai ce ya mutu. In gari ya waye sai ya farfaɗo ya shiga neman ƙwari da fure.

Gane irinsa ma ba aikin gaggawa ba ne. Mata da 'ya'ya na mai launin jan ƙasa sun yi kama da na wani iri na Kalifoniya, har masana su kan auna faɗin gashin wutsiya tukuna su faɗi suna. Kama da wane ba wane ba ne.

To, ya mai karatu, ga tambayar. Tun da tausayi ya kan yi kuskure haka, ya kamata mu janye hannu sai mun san kome? A'a. Wanda ya jira cikakken sani ba zai taimaki kowa ba har abada. A daren da ƙanƙara ta kashe furanni, kwalban nan tana iya tsai da ran tsuntsu, ko mai gida ya san irinsa, ko bai sani ba.

Amma taimako iri biyu ne. Mai rataye kwalba ya ba da kyauta, ya kuwa bar baƙo da 'yancinsa: in ya so ya sha, in ya so ya wuce. Mai kama shi ya ƙwace masa shawara, ya ce, "Ni na fi ka sanin abin da ya dace da kai." Na fari ana iya yinsa da ɗan sani kaɗan. Na biyu yana bukatar tabbaci, dokar Amurka ma, tun daga 1918, ta hana kama irin waɗannan tsuntsaye sai da izini.

Haka ya ke tsakaninmu. Baƙo ya sauka a unguwa, ko gwauruwa tana fama da 'ya'ya, ko saurayi ya bar makaranta ya kama sana'a. Nan da nan mu kan yanke cewa mun san damuwarsu, mu shirya musu abin da ba su roƙa ba. In suka ƙi, mu ce ba su da godiya. Ba mutum tuwo ba ya bukatar bincike. Amma kafin ka raba yaro da uwarsa domin ka goya shi, ko ka sāke wa mutum hanyar zamansa, zauna tukuna ka tambaye shi, ka kuma saurara.

Akwai abu ɗaya kuma. Wanda ya rataye kwalba ya ɗauki nawaya. Wajibi ne ya riƙa wanke ta kada ta yi fumfuna, ya narkar da ita da asuba in ta daskare. Alherin da aka fara da ɗoki aka watsar a tsakiyar sanyi yana cutar wanda ya dogara gare shi.

'Yan'uwa, bari mu yi saurin buɗe hannu, mu yi jinkirin yanke wa wani shawara. Sa'an nan abin da muka fara, mu riƙe shi har hunturu ya wuce.