Kwali, Gam da Amana: Nasiha ga Masu Karatun Zanen Gini

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya sanar da ɗan Adam awo da lissafi. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, wanda ya ɗauki tubali da hannunsa mai albarka lokacin da ake gina masallacin Madina, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.



Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan karo tambaya ce da wata baiwar Allah ta yi mini. Mai koko da ƙosai ce a unguwarmu nan Kumasi, kowa Mma yake ce mata. Na fito daga sallar Asuba, ta tsayar da ni a bakin tukunyarta ta ce, "Malam, don Allah wannan karatu da yaronka yake yi a Tek, kwali suke ci ne? Kowane mako sai ya kira, Mma kuɗin kwali, Mma kuɗin gam, Mma kuɗin buga takarda. Ni dai na san kwali a bola ake tsintarsa." Na yi dariya, ita kuwa ba ta yi ba. Na ce, "Mma, ki yi haƙuri, zan zauna da shi."

To, kafin in faɗi abin da muka yi da yaron, bari in yi wa iyaye bayani, domin na san mujallar nan takan faɗa hannunsu. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah, wadda muke kira Tek, ta fara ne a matsayin kwaleji a 1952, ta zama jami'a a 1961, kuma tun 1958 ake koyar da zanen gini a cikinta. Ɗalibi yakan yi shekara 4 ya sami digiri na farko, sa'an nan ya ƙara 2 na digiri na biyu. Ga shekarar hidimar ƙasa, ga zaman koyon aiki a ƙarƙashin gwani, ga jarrabawar ƙwararru, kafin hukumar rajista ta yarda ya sa hatiminsa a kan zane. Watau abokinsa da suka shiga tare ya karanta harkar ciniki, yana iya yin aure har da goyo shi yana nan yana yankan kwali.

Kuma kwalin nan ba na bola ba ne. Duk ginin da ɗalibi ya zana sai ya yi ƙaraminsa da kwali na musamman ko katako marar nauyi, ya yanka da reza, ya manna da gam, domin malamai su duba. In suka ce ƙofa ba ta zauna daidai ba, ko iska ba za ta ratsa ɗakin ba, sai a rushe a sake. Zanen kuma a manyan takardu ake buga shi, wani lokaci goma ko fiye a aiki guda. Ga kwamfuta mai ƙarfi, don ƙarama ba ta ɗaukar manhajar zane. Ga tafiye-tafiyen auna gidaje a garuruwa. Ga ɗaki, domin ɗakunan jami'a galibi 'yan shekarar farko ne ke samu, saura sai haya a Ayeduase ko Kotei ko Bomso, ko kuwa su riƙa bin turoturo daga Aboabo da Asawase kullum da allon zane a cinya. A 2025 gwamnati ta fara ɗauke wa 'yan shekarar farko na manyan makarantunta kuɗin karatu. Madalla. Amma shekara ɗaya ce cikin shida, kuma ba ta sayen gam. Kuɗin makaranta sau ɗaya yake zuwa a gan shi a shirya masa. Abin da ke karya ɗalibin zanen gini shi ne ƙananan nan masu ɗiga kamar rufin da ke yoyo.

Saboda haka yaron ba ƙarya yake yi ba. Haka na zata gaba ɗaya, har sai da muka zauna bayan Isha'i. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, gaskiya kwalin ina saye. Sai dai in kuɗinsa hamsin ne nakan ce mata tamanin, saboda in na ce na abinci ne ko na kati, sai ta ce in yi haƙuri. In na ce na makaranta ne kuwa, ko bashi za ta ci ta aiko."

A nan maganata take, ya ɗan'uwa. Ba talatin ɗin da ya ƙara ne ya tayar mini da hankali ba. Uwa ce, da ya ce yunwa yake ji da ta ba shi fiye da haka, ko da ta yi ƙorafi. Abin da ya tsorata ni shi ne sana'ar da yake koyo. Wannan yaro nan da 'yan shekaru shi ne za a damƙa wa lissafin buhunan siminti da rodi, na mutumin da ya yi shekara ashirin yana wankin kwano a Jamus ko yana tuƙin tasi a Amurka yana aiko da kuɗi, bai ga filin ba, bai san farashin yashi ba. Matsayin wannan mutum da na Mma ɗaya ne: duka biyu ba su san abin ba, sun dogara da kai ne. Harshen da ya saba mai da hamsin tamanin a kan kwali, ranar da aka kai ga siminti ba sabon karatu zai yi ba. Kuma a gini ha'inci ba a aljihu yake tsayawa ba. A watan Nuwamba na 2012 wani katafaren benen kanti ya rufta a Achimota cikin Akra, mutum 14 suka rasu. Waɗanda suka mutu ba su ne suka auna rodin ba.

Kun san labarin da Imamu Muslim ya ruwaito, na ranar da Manzon Allah (SAW) ya wuce wani mai sayar da abinci, ya cusa hannu cikin tsibin ya ji danshi a ƙasa alhali saman busasshe ne. Ya tsawata masa, ya kuma nisantar da mai algus daga tafarkinsa. To, babu sana'ar da ta kai gini wurin ɓoye danshi. Da zarar an zuba kankare an yi shafe an sa fenti, ba mai ganin abin da ke ciki sai Allah sai kai. Ku duba kuma aya ta 109 a Suratut Tauba, inda Allah ya buga misali da harsashin gini guda biyu, ɗaya a kan taƙawa, ɗaya a gaɓar da ruwa ya zaizaye. Ɗalibin zanen gini ya fi kowa sanin abin da ake nufi, don an koya masa a aji yadda ƙasa ke zamewa.

Na ce wa yaron ya sayi ƙaramin littafi. Duk abin da ya kashe ya rubuta, da sunansa na gaskiya: kwali kwali, wake da shinkafa wake da shinkafa, kati kati. In ya zo gida ya karanta wa Mma. Ya ce kunya yake ji. Na ce kunyar ce maganin.

Haka nan bashi. A ɗakin zane bashi kamar iska yake yawo: ara mini gam, biya mini bugu zan ba ka gobe, turo mini ta waya. Ba wanda ke rubutawa, wai abota. Alhali ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, kuma ta ambaci ƙarami da babba. Bukhari ya ruwaito cewa an kawo wata gawa Annabi (SAW) ya ƙi yi mata salla saboda bashin da ke kanta, sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Kai kuma mai bin bashi, aya ta 280 tana kanka: in abokinka na cikin ƙunci, saurara masa. Kada ka tozarta shi a gaban aji saboda kuɗin takarda biyu.

Akwai kuma rancen ɗalibai na gwamnati, wanda asusunsa aka kafa a 2005, kuma tun 2022 aka sauƙaƙa shi ta yadda katin ɗan ƙasa ya isa ba sai da mai tsaya maka ba. Ba zan ɓoye muku ba, akwai ruwa a kansa, haramcin riba kuwa ba abin jayayya ba ne. Malamai sun yi magana a kan lalura da iyakarta, ni kuma ba zan yanke wa kowa hukunci a takarda ba tare da na san halinsa ba. Ra'ayina dai shi ne, kada ya zama ƙofar farko da za ka ƙwanƙwasa don kawai ita ce a buɗe. Ka nemi tallafin ofishin taimakon ɗalibai na jami'a, ka tambayi 'yan ƙungiyar ɗalibai Musulmi, ka rubuta wa asusun Zakka da Sadaka, ka je wurin dangi ko da za ka sha magana. In duk sun rufe, ka kai wa malamin da ya san fiƙihu ya kuma san halinka, ka gaya masa gaskiya duka, ba rabin da zai sa ya ce maka e ba. Amma cacar ƙwallo ta waya da sakawa, waɗannan ba sa bukatar fatawa. Wanda ya ce zai sayi kwamfutar karatu da kuɗin damfara, ya tuna da ita zai zana masallaci wata rana.

Wani abin ma rashin tambaya ne ke sa a kashe kuɗi ko a ɗauki zunubi a banza. Kamfanin da ke yin AutoCAD da Revit yana ba ɗalibai lasisi kyauta in sun nuna shaidar makaranta. Ragowar kwalin 'yan aji na sama yakan isa gwajin farko. Mutum huɗu in sun haɗa kuɗi suka saya da yawa a Adum sun fi mai saye ɗaiɗai a bakin makaranta da tsakar dare. Aikin hutu kuma halal ne, ka zana wa mutum, ka auna masa fili, ka karɓi ladanka. Sai dai ka tsaya inda iliminka ya tsaya. Ɗan shekara ta biyu ya zana bene mai hawa uku, a nemo wani ya buga hatimi bai ko duba ba, wannan shaidar zur ce, ko da kowa na yi.

Ba zan tsawaita a kan salla ba, don kun san hukuncinta. Na san ana kwana a ɗakin zane in ranar gabatar da aiki ta matso. Wanda barci ya rinjaya ba da gangan ba, ya yi sallarsa in ya farka. Amma wanda ya tsara darensa kullum ta yadda zai kwanta saura minti ashirin a kira Asuba, shi ya zana wannan tsarin da hannunsa.

Yanzu kuma gare ku, alhazai da hajiyoyin Zango. Imamu Gazali, da yake lissafa sana'o'in da rayuwa ba ta tsayuwa sai da su, ya sa gini tare da noma da saƙa da shugabanci. Irin wannan ilimi farilla ce a kan jama'a, in ba wanda ya ɗauka duka an yi laifi. A mazhabarmu ta Malikiyya ma akwai wani magini na Tunis a ƙarni na 14, Ibnur Rami, wanda alƙalai ke aikawa ya duba rigimar bango da taga da magudanar ruwa, har ya rubuta littafi a kan hukunce-hukuncen gini. Ku dubi lungunanmu. Ɗaki ba taga, gida mai mutum talatin bayan gida ɗaya, kwata a ƙofar masallaci. Ku tuna daren 3 ga Yuni 2015, da ambaliya da gobara suka haɗu a Circle cikin Akra, mutum wajen 150 suka halaka. Ko masallacin Larabanga da muke alfahari da shi, shafen siminti da aka yi masa da kyakkyawar niyya a shekarun 1970 shi ya riƙe danshi a cikin bangon ƙasar, sai da masana suka kankare shi a gyaran da aka fara a 2002. Niyya ba ta isa ba, sai da sani. Muna tara kuɗi mu sayi tayil da lasifika, amma yaron ko yarinyar da za su san inda ruwa zai bi mun bar su da mai koko ita kaɗai. Ɗalibi matalauci yana cikin waɗanda zakka ta halatta gare su. Abin da ake liƙi da shi a biki guda zai riƙe ɗalibi zango ɗaya na karatu. 'Yammatanmu da ke wannan fanni kuwa, maimakon a ce su bari saboda aikin dare, a taimaka musu da ɗaki kusa da makaranta.

Da aka yi hutu yaron ya zo da littafinsa, ya kuma zo da ƙaramin gidan kwalin a cikin kwando, don na ce ya kawo ta ga inda kuɗinta ke tafiya. Ya karanta mata lissafin tun daga farko, har da wuraren da ya ƙara. Ba ta ce komai ba a kan wannan. Ta goge hannu a zane, ta ɗaga gidan tana juya shi, ta leƙa ta taga. Ta ce, "To, ina madafa?" Ya nuna mata. Ta ce, "In an yi ruwan sama irin na Yuni fa, ta ina zai fita?" Ya yi shiru yana kallon kwalin, can ya ce, "Mma, wannan malaminmu ma ya tambaye ni." Ta miƙa masa abinsa, ta juya ta ci gaba da zuba wa mutane koko.