Notin da Ba Mai Gani

Duk wanda ya san kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis ya san babura ne ke kwaso mata jama'a daga ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar, har da tsallaken iyakar Nijar. To, sabon babur a kwali yake zuwa shago, ba a haɗe ba. Sai mai shago, a Gumel ko a Maigatari, ya kira samari su haɗa shi. Wannan ya sa taya, wancan ya ɗaura birki, a biya su jinga, kowa ya kama gabansa. Damina na faɗuwa kuwa sai su koma gona.

Abin tambaya a nan shi ne, wanda aka ɗauka aikin rabin wuni, cikakkiyar amana ake binsa ko rabi?

Tun a 1776 Adam Smith ya nuna amfanin raba aiki, inda ya ce mutum goma da suka rarraba ƙirar fil a tsakaninsu suna fitar da wajen 48,000 a wuni. Gaskiya ne, hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Sai dai mun lura in aka raba aiki, laifi ma rabuwa yake yi, har a rasa mai shi. Maƙerin da ya ƙera fartanya, in ta karye an san ƙofar da za a buga. Amma notin birki da ya kwance a hanyar Gumel da mai ciki a bayan babur, wa za a tambaya? Yaron da ya ɗaura shi ko sunansa ba a rubuta ba.

Mu dai a ganinmu amana ba ta rabuwa. Noti bai san ko mai sufana ma'aikacin dindindin ne ko ɗan jinga ba. Ko dai ya ɗauru ko bai ɗauru ba.

Amma kada mu jibga wa yaro kayan shi kaɗai. Maigidan da ke biya bisa yawan baburan da aka haɗa, sauri ya saya, ba kyan aiki ba, kuma sauri kan haifi nawa. In yana son yaro ya koma ya bi kowane noti da sufana karo na biyu, to, ya sa lokacin wannan dubawa cikin jinga. In bai sa ba, ranar da birki ya tsinke, da hannunsa a ciki.