Kewar Lambu: Laifi Ce Ko Kuwa?

Bara na tashi daga Kumasi na komo Ankara saboda aikin koyarwa. Gidan da na bari yana da ɗan fili bayan ɗaki, tsawonsa bai fi taku goma ba. A nan na shekara bakwai ina renon furanni, watau wardi da yasmin da ɗaɗɗoya, da wani lalle da mahaifiyata ta dasa da hannunta, Allah ya jiƙanta. In lallen nan ya yi huda, ƙanshinsa har zaure. Yanzu kuwa ina gidan haya a Nima, tsakar gida duk siminti, in ka buɗe taga sai bangon maƙwabci.

Ran nan na yi wa wani dattijo kukan abin. Sai ya ce, "Haba Malam, kai da ka ke karantar da yara cewa duniya ba wurin zama ba ce, ka ke kukan fure?" Maganar nan ta hana ni barci. Shin kewar abin da aka bari rashin tawakkali ce?

Da na duba, sai na ga ba haka ba ne. Bayan Hijira a shekarar 622, zazzaɓi ya kama Bilal a Madina, yana kwance yana begen kwarin Makka da ciyawarta mai ƙanshi da a ke kira izhir. Buhari ya ruwaito wannan. Annabi (SAW) bai tsauta masa ba, sai ya roƙi Allah ya sa musu son Madina kamar yadda su ke son Makka, ko fiye. Ku lura, ba a ce a cire tsohuwar ƙauna ba, ƙarin sabuwa aka roƙa. Wanda bai yi kewar ni'ima ba, ai bai san an yi masa ita ba tun farko.

To, ina laifin ya ke? Na same shi a kaina. Wata shida na yi a Nima ban dasa ko tsinke ba. Kullum sai in ce gidan ba nawa ba ne, ƙila baɗi in tashi. Ashe kewa ta zama mini hujjar lalaci, ina raina inda Allah ya ajiye ni saboda inda ya ɗauke ni.

Wannan ciwo kuwa ba nawa ni kaɗai ba ne. Sunan unguwarmu zango, watau inda fatake su ke sauke kaya su kwana, su wuce Gwanja sayen goro. Kakanninmu da yawa sun watse daga Salaga bayan yaƙin 1892, suka zauna Karaci da Kumasi da sauran garuruwa. Yau fiye da shekara ɗari ke nan, an haifi jikoki da tattaɓa kunne, amma har yanzu waɗansunmu suna zama kamar gobe ayari zai tashi. Mai jiran tashi ba ya dasa itace, ba ya share kwata. Alhali an ruwaito cewa ko Alƙiyama ce za ta tsaya, wanda ke riƙe da dashen dabino ya dasa shi in ya sami iko.

Saboda haka na aika Kumasi, wanda ya shiga gidan bayana ya yanko mini reshen lallen nan, ya ce matarsa tana ƙunshi da ganyensa. Da na ji haka raina ya yi fari, don ladan tsohuwa bai yanke ba. Na cika tsohon bokiti da ƙasa, na kafa reshen a bakin ƙofa, almajiraina su ke ba shi ruwa. Makon jiya ya fid da ganye huɗu.

Samari, ku dasa wani abu inda ku ke, ko a gwangwani ne. Dattawa kuma, a gafarce mu in mun yi kewa. Allah ya sa mu dace, amin.