Aibin da ba ya jikin kowa

A shekarun 1990 kamfanin Sigma na ƙasar Japan ya ƙera wani dogon gilashin kyamara mai milimita 400, irin wanda masu ɗaukar hoton tsuntsaye da na filin ƙwallo suke jawo nesa kusa da shi. Samfurinsa da aka yi don kyamarorin Canon ya yi aiki shekara da shekaru a kan masu amfani da fim. Da kyamarorin dijital suka shigo, irin su EOS 10D ta shekarar 2003, sai wata matsala ta ɓullo. Idan an bar ƙofar hasken gilashin a wangale, hoto ya fita lafiya. Da zarar mai hoto ya nemi a tsuke ta kaɗan, sai kyamarar ta cije, ta rubuta Err 99 a fuskarta, ba ta sake motsi sai an kashe an kunna. A mayar da gilashin kan tsohuwar kyamara, garau yake. A ɗaura wa sabuwar kyamarar gilashin Canon, ita ma garau take. Ga lafiyayyu biyu sun haɗu sun haifi cuta, kuma tilas a tambaya: a jikin wa aibin yake, wa kuma zai ɗauki nauyinsa?

Tushen abin yana shekarar 1987, lokacin da Canon ya fito da sabon bakin ɗaura gilashi mai suna EF. Kafin nan sandunan ƙarfe ne suke haɗa kyamara da gilashi, wannan ya tura, wancan ya motsa, kuma duk maƙerin da ke da ido da ma'auni zai iya kwaikwayo. Bakin EF ya kawar da wannan gaba ɗaya. Injin saita gani da na tsuke ƙofar haske suka koma cikin gilashin, abin da ya rage tsakaninsu da kyamara wasu 'yan ƙananan ƙarafa ne masu ruwan zinare, da saƙon lantarki ke bi ta cikinsu. Kyamara ta tambaya, gilashi ya amsa: wane ne kai, iya ina kake buɗewa, juya kaza, tsaya nan. Ke nan haɗuwar ta tashi daga ƙira ta zama zance, zance kuwa sai da harshe. Canon bai wallafa wannan harshe ba. Kamfanonin waje sai suka kasa kunne, suka auna saƙonnin da ke kai da komo, suka koyi harshen kamar yadda baƙo ke koyon Hausa a bakin kasuwa. Irin wannan koyo yana ciyar da mutum, amma iyakarsa abin da kunne ya taɓa ji. Ran da sabuwar kyamara ta yi amfani da wata hanyar faɗa da tsoffin ba su taɓa bi ba, gilasan Canon suka gane, don tun fil'azal an koya musu, na baƙo kuwa ya yi tsuru.

Dabarar neman matsala da kowane mai gyara ya sani an gina ta ne a kan zaton cewa aibi yana zaune a jikin wani abu. Shi ya sa ake goge ƙarafan nan da busasshen ƙyalle mai tsabta, a canja batir, a cire kati, a gwada gilashin a wata kyamara, a gwada kyamarar da wani gilashi, ana ware ɗaya bayan ɗaya har mai laifi ya rage shi kaɗai. Sau da yawa hakan yana isarwa, domin datti da maiƙon hannu suna katse saƙo. Amma a shari'ar da muke ciki warewar ba ta kama kowa, saboda kowanne idan aka ware shi sai ya kuɓuta. Abin da nake gani shi ne aibin yana cikin yarjejeniyar da ba a taɓa rubutawa ba, kuma nauyin aibi irin wannan yana bin mai iko da harshen. Wanda shi kaɗai ya san ƙa'idar, shi kaɗai ke iya canja ta, ya kuma zaɓi ya ɓoye ta, kasonsa ya fi na kowa, ko da bai taɓa nufin cutar da wani ba.

Za a ce ai baƙon ne ya shigo gida babu sallama, kuma hujjar tana da ƙarfi, don kamfanonin waje sun yi abubuwan da ke kama da yaudara. Kyamarorin Canon da yawa na da ba sa saita gani da kansu idan ƙofar hasken gilashi ta gaza f/5.6, alhali dogayen gilasan waje da dama a f/6.3 suke ƙarewa, wato ƙofarsu ba ta kai wannan faɗin ba. Sai gilashin ya gaya wa sashen saitin kyamara abin da zai sa ya ci gaba da aiki. Haka kuma da yawansu suna gabatar da kansu da lambar wani gilashin Canon, domin kyamarar ba ta san sunan kowa ba sai na 'yan gida. Aron sunan ya yi ranarsa, ya kuma jawo tsiya: da kyamarori suka fara gyara duhun gefen hoto da kansu bisa sunan gilashi, sai suka riƙa ba baƙo maganin da aka haɗa don wani, zobba-zobba suka fito a wasu hotuna. A 2016, bayan fitowar EOS 5D Mark IV, Sigma da kansa ya shawarci masu gilasansa su kashe wannan gyara. Ban ɗauki wannan ƙaramin abu ba. Sai dai ƙarya tana bukatar wanda aka ruɗa, kuma kyamara ba ta da zuciyar da za a ruɗa. Wanda ake iya cuta shi ne mai saye, shi kuwa ya san sarai gilashin wa ya saya. Tambayar da ta fi dacewa ita ce me ya sa aka gina ƙofar da ba ta buɗuwa sai ga mai sunan 'yan gida.

Hujja ta biyu ta fi nauyi. Kamfani ya kashe dukiya da shekaru wajen bincike, ribarsa mai yawa daga gilasai take zuwa, kuma bai taɓa yi wa kowa alkawarin cewa kayan wani za su yi aiki a kansa ba. Malaman fiƙihu ma da suka ba mai saye zaɓin mayar da haja saboda aibi, maganar aibin da ke jikin hajar tun lokacin ciniki suke yi, kuma kyamarar nan ba ta da shi. Na yarda da wannan. Amma su malaman sun ba al'ada matsayi a cikin ciniki, har abin da mutane suka saba da shi yakan tsaya a matsayin sharaɗi ko ba a furta ba. Mutumin da ya sayi kyamarar da ake cire mata gilashi, a kasuwar da aka shekara talatin ana sayar da gilasan waje a fili, ya biya kuɗin wannan damar ma. Tana cikin abin da ya sa ya zaɓi wannan kyamara ya bar waccan, kuma mai kyamarar ya ci moriyar hakan. Ba daidai ba ne a ci ribar yawan gilasai a ranar ciniki, a ranar matsala kuma a ce ba a san da su ba.

Kuma an riga an nuna cewa buɗe harshen ba ya karya kamfani. Olympus da Panasonic sun haɗu a kan baki ɗaya a 2008. Sony ya fara ba masu ƙera gilashi bayanan bakinsa na E a 2011 ba tare da karɓar kuɗi ba, yawan gilasan da suka biyo baya kuwa yana cikin abin da ya ja masa jama'a. A 2018 Leica da Panasonic da Sigma suka ƙulla ƙawance a kan bakin L. Buɗewar ba cikakkiya ba ce ko'ina, don a wasu manyan kyamarorin Sony gilashin waje ba ya wuce hoto 15 a daƙiƙa ɗaya, na gida kuwa yana wucewa. Duk da haka iyakar da aka sani tun kafin a biya kuɗi ta sha bamban da wadda mutum zai ci karo da ita tsuntsu na tashi a gabansa. Canon ya bi wata hanya da sabon bakinsa na RF: a 2022 aka ji cewa ya sa kamfanin Viltrox na ƙasar Sin ya daina sayar da gilasansa masu saita kansu, bisa hujjar haƙƙin mallakar fasaha, sai a 2024 Sigma da Tamron suka sanar da gilasan RF da izini, su ma na ƙananan kyamarori. Rufewar da aka faɗa a fili ta fi min shirun da, ko ba komai mai saye ya san inda ya sa ƙafa.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wanda ya sayar da gilashi bisa harshen da ya tsinta da kunne ya san wata rana za a faɗi abin da bai sani ba, don haka haƙƙi ne a kansa ya bayyana hakan, ya kuma tanadi hanyar gyara. Da Nikon D5300 ta fito a 2013 aka ga wasu gilasan Sigma ba sa saita gani yadda ya kamata a kanta, Sigma ya amsa ya gyara manhajarsu kyauta. A wannan shekara ya fito da wata 'yar na'ura da mai gilashi zai sabunta manhajar a gida ta kwamfuta, Tamron ma ya yi tasa a 2016. Wannan ɗaukar nauyi ne na gaske, sai dai bai koma baya ba. Tsohon mai milimita 400 sai an canja masa ƙwaƙwalwar lantarki ta ciki, kamfanin ya yi ta canjawa na wani lokaci har kayan suka ƙare. Har yau irinsa suna yawo a kasuwar gwanjo da araha, gilashinsu fes, injinsu lafiya, suna kuma faɗawa hannun masu ƙaramin ƙarfi a garuruwan da babu ofishin ko ɗaya daga cikin kamfanonin biyu, inda za a yi ta goge ƙarafan zinare ana zargin datti.