Kututturen Da Ke Gonarka

A ƙasar Maradi, kafin yunwar 1984, manomin kirki shi ne wanda ya share gonarsa ƙal. Kowace bazara sai a shiga da gatari da adda a yi sassabe, a tara a cinna wuta. Sabara da kalgo da geza su sake tofowa, baɗi a sake sare su. Iska ta samu fili, ta riƙa binne gero da rairayi tun yana ɗan tsiro, har wani ya yi shuka sau biyu ko uku kafin ta kama. Itatuwan da aka kashe kuɗi aka dasa kuwa, rana da awaki da gara suka cinye mafi yawansu.

A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, ya tsaya ya duba ɗaya daga cikin ciyayin da kowa ke takawa ya wuce. Ashe ba ciyawa ba ce, toho ne na itacen da aka sare da daɗewa, saiwarsa na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Dabarar da ta biyo baya ba ta buƙatar kuɗi: a zaɓi toho kaɗan masu ƙarfi a kan kututture, a yanke sauran, a riƙa rage musu rassan ƙasa, a tsare su daga dabba da wuta. Da wannan sassabin zamani manoman Nijar suka farfaɗo da fili mai faɗin hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200.

Ina kawo wannan labari ne saboda wata magana da ta yi yawa a bakin waɗanda suka haye 40: "Ni kam ai na riga na bushe." Sai su kafa hujja da karin maganar nan cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Magabata sun faɗe ta ne don iyaye su tashi tsaye kan tarbiyyar yara. Ba su faɗe ta don ƙato da gemunsa ya samu mafaka ba. Karatun da ka ajiye a izu 10, sana'ar da mahaifinka ya koya maka ka raina, ɗan'uwanka da kuka daina gaisawa saboda rabon gado, duk saiwarsu na nan. Shi ya sa suke damun ka cikin dare, ko ranar da aka yi rasuwa a unguwa. Abin da ya mutu ba ya damun mai shi haka.

Wahalar tana wajen yanka. Kututture ɗaya yakan fitar da toho barkatai, idan aka bar su duka sai su raba ruwa da abinci, a ƙare da ƙaramin duhu wanda bai wuce gwiwa ba. Mu ma idan nadama ta taso, komai muke so mu gyara lokaci guda: hadda, kasuwanci, gini, komawa makaranta, biyan bashi. Bayan wata biyu ba ko ɗaya. Lokacin bai isa a yi duka ba, kuma wannan lissafi ne kawai. Hadisi ya nuna cewa galibin shekarun wannan al'umma tsakanin 60 ne da 70. Cire ƙuruciya, cire kusan kashi ɗaya cikin uku da barci ke ci, cire jinya da neman na tuwo, ka ga abin da ya saura a hannunka.

Wanda yake ɗan shekara 30 a lokacin yunwar nan, yau ya haye 70 idan yana raye. Da yawa daga cikin waɗanda suka fara barin toho a gonakinsu, maƙwabta na yi musu dariya ana ce musu ragwaye, an daɗe da yi musu sutura. Gawon da suka bari ya girma, yana zubar da ganye da damina don gero ya samu rana da taki, ya yi kore da rani lokacin da dabbobi ke neman inuwa da abinci. Jikokinsu ke cin moriyar. Kuma kada a manta, itacen da ake jerawa a rufe kabari kafin a sa ƙasa, daga irin waɗannan itatuwa ake saro shi.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Lokacin yunwa an riƙa ba mutane hatsi don su bar itatuwa a gonakinsu. Da taimakon ya ƙare, da yawa suka koma da gatari suka share. Tuban da tsoro ya haifar a maƙabarta haka yake, yakan kai sadakar uku, wani lokaci ta bakwai. Inda aikin ya ɗore, irin ƙauyen Ɗan Saga a yankin Agye, mutanen gari ne suka kafa kwamiti, maza da mata, manoma da makiyaya, suna zagaya gonaki suna tsare tohon daga masu saran dare, wanda aka kama kuma a ci shi tara.